Ranar da Babana Ya Leƙa Ƙwaƙwalwar Alade

Shekarun baya, lokacin ina ajin kusa da na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, muna zaune a wata kur a unguwar Williamsville ta Abidjan, irin gidajen hayar nan da ɗakuna ke kewaye da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan gida ya san ba a ɓoye komai. Abin da kika dafa an ji ƙamshinsa, abin da kika wanke an gani a igiya. Ban taɓa ba da labarin nan cikakke a fili ba. Ko yanzu da nake rubutawa, sai na ajiye na tashi na sha ruwa, sannan na dawo.

Babana mahauci ne, yana da tebur a kasuwar Adjamé. Mahaifiyata tana saro tattasai da albasa a Marché Gouro tana kasawa a ƙofar gida. Sai Goggo, yayar Babana, wadda ƙofar ɗakinta ke kallon tamu. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, saboda haka a gidanmu idan Goggo ta yi magana, an gama.

Abin ya fara ne da ɗaukewar al'adata. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, shiru. Gaskiya ban damu ba, har daɗi na ji, domin ni mai ciwon mara ce, kuma jarrabawa na gabana. Sai azumi ya zo. Na ɗauka tun daga ganin wata har ranar salla ban sha ko ɗaya ba. Ni da wautata har da alfahari nake, ina ganin na fi sauran 'yan matan kur ɗin imani. Ranar salla Babana ya sa mini albarka a gaban kowa, ya ce ku dubi yarinyar nan, ko ɗaya ba ta sha ba. Shi namiji ne, bai san akwai lissafi a ciki ba. Mata kuwa sun sani. Na tuna Goggo tana zaune a kan tabarma tana ɓare goro, ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa, ba ta ce amin ba.

Bayan salla kaɗan, wata safiya ina shirin lakwal, wato makaranta, na ga farar rigata ta jiƙe a ƙirji, gefe biyu. Na ɗauka ruwan wanka ne ban goge da kyau ba. Na canza riga. Kafin a tashi tara ta sake jiƙewa. Na shiga bayan gida na makaranta na duba, na ga abin da na gani. Nono ne. Fari, kamar na mai jego. Ni da ko hannun namiji ban taɓa riƙewa ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Na yayyanka wani tsohon zane ina ninkewa ina sawa a ciki. Idan na wanke sai in shanya a bayan ƙofar ɗakinmu, ba a igiya ba. Ga ciwon kai da ya sa ni gaba, nan tsakanin idanuwa. Amma tsummokaran nan su suka tona ni, domin a kur yarinyar da ke shanya a ɗaki ta fi mai shanya a waje jan ido.

Wata la'asar na dawo daga lakwal, Goggo ta kira ni ɗakinta. Na tarar da mahaifiyata a zaune a bakin gado, kanta a ƙasa, da wata tsohuwar ungozoma ta layinmu, wadda ita ta yanke mini cibiya. Goggo ta sakaya ƙofa.

"Cire rigar."

"Goggo, me na yi?"

"Yanzu za mu ji. Cire."

Na dubi mahaifiyata, ba ta ɗago ba. Na cire. Tsohuwar ta matso, hannunta na warin man zafi, ta kama ta matsa sau ɗaya kawai. Ɗigon ya sauka a kan babban yatsanta. Ta kai shi wajen hasken taga ta duba, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Goggo ta ce, "Wane ne?"

Na ce, "Wa?"

"Kada ki mai da ni sa'arki. Na ga jiya, na ga yau. Nono ba ya zuwa sai an kira shi. Wane ne?"

Na rantse da Allah, na rantse da Alƙur'ani, na ce a kawo in dafa. Tsohuwar ta ce, "'Yar nan, duk haka suke cewa." Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya fi ciwo. Ita dai abin da idonta ya saba gani ke nan tun kafin a haife ni.

Washegari mahaifiyata ta ja ni ƙaramin asibitin unguwa, aka gwada fitsari, aka ce babu ciki. Na dawo gida kamar in yi tsalle, ina ganin magana ta ƙare. Goggo ta saurara har muka gama, sannan ta ce, "Ai ni ban ce akwai ba. Cewa na yi an yi. Watannin da ba ta ga jini ba, shi ne cikin. Yanzu ga ciki a shafe, ga nono na zuba. Ina aka kai shi, kuma wa ya raka ta, shi ne tambayata." Tana faɗa tana kallon mahaifiyata.

A nan na gane irin ramin da na faɗa. Idan an ce akwai ciki, na yi laifi. Idan an ce babu, na yi laifi biyu. Da na ce ai har yanzu jinin bai dawo ba, sai aka ce maganin da na sha ne ya lalata mini mahaifa. Kowace ƙofa na taɓa, a kulle take.

Babana bai dake ni ba. Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Magana kawai ya daina yi mini. Idan na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa wa bango. Idan na ajiye masa buta, sai ya bar ta a nan ya je famfo da kansa. Ya sa aka ce in daina zuwa lakwal. Kuma ta bakin mahaifiyata na ji hukuncin: idan an gama hidimar babbar salla, wadda ita ce kakar mahauta, zai sa ni a mota a tashar Adjamé, a kai ni wajen danginsa a arewa, garin da ban taɓa gani ba. Tafiyar ba ita ta fi tsorata ni ba. Abin da ya hana ni barci shi ne zan tafi, shi kuma zai zauna har ƙarshen ransa yana ganin 'yarsa ta yi abin nan ta kuma yi masa rantsuwar ƙarya.

Wata maƙwabciya ta ce wa mahaifiyata wataƙila namijin dare ne, aljani ya aure ni. Aka karɓo rubutu na sha, aka yi hayaƙi. Kuma bari in faɗa muku gaskiya, ni da nake cin maki mai kyau a darasin halittu, sai da na fara shakkar kaina. Ina zaune ina tuna kowace tasin woro-woro da na shiga, kowane benci da na zauna a kai, ko akwai wata hanya da abin ke faruwa da ba a koya mana ba. Tsoro yana mai da mai ilimi jahili, balle ni da ilimin nawa bai taka kara ya karya ba.

Wata nas ta ƙaramin asibitin nan ce ta tsayar da mahaifiyata a hanya ta ce, "Tanti, yarinyarki ba ta bar raina ba. Ki kai ta babban asibiti a Treichville." Mahaifiyata ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ɗauki kwandonta kamar za ta Gouro, ta ce in zo in taya ta ɗaukar kaya. Muka hau bas, muka ratsa Plateau, muka haye gada. Ina kallon ruwan lagin, tafkin da ya ratsa birnin, ta taga, ina jin kamar wadda za a kai kotu.

Likitar da muka samu mace ce, babba, tabaraunta na rataye a wuya da zare. Tana duba marasa lafiya, tana kuma koyar da ɗaliban likitanci. Ta fitar da mahaifiyata waje, ta tambaye ni ko na taɓa sanin namiji. Na ce a'a. Ta rubuta, ta wuce tambaya ta gaba. Shi ke nan. Sau ɗaya ta tambaya. Na fashe da kuka har sai da ta ajiye biro ta ce, "Yako, 'yata," wato sannu. Na yi kukan ne domin tun da abin ya fara ita ce mutum ta farko da na ba amsa ta karɓa. Ta tambayi ciwon kai, ta sa na rufe ido ɗaya tana kaɗa yatsa a gefen fuskata. Ta tura mu gwajin jini, daga baya ta tura mu hoton kai.

Ranar da muka koma karɓar sakamako, ta ce akwai wani ɗan abu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmansa kamar ƙwayar wake, ana ce masa ipofiz. Kowa yana da shi. Nawa ne ya yi ɗan ƙari, ƙarami ƙwarai, kuma ƙarin nan shi ke sa jikina yin nono, shi ya tsayar da al'ada. Ina fassara wa mahaifiyata, ban kai ƙarshe ba ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdulillahi!"

Likitar ta cire tabarau ta ce, "Ki faɗa mata ƙari na ce, a cikin kai."

Na faɗa. Mahaifiyata ta ce, "Na ji. Alhamdulillahi." Sai kuma ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni ma murna na yi. Ku duba inda aka kai mu: uwa da 'ya suna godiya don an ce akwai ƙari a kai. Sai a cikin bas tsoron ciwon kansa ya sauko mini.

Muka kai takardu gida. A nan wata matsalar ta fito. Babana ba ya karanta Faransanci, Goggo ma haka, mahaifiyata ma haka. Duk ɗakinmu mai karantawa ɗaya ce, ni. Na buɗe baki ke nan Goggo ta ce, "Yau na ga ikon Allah. Ɓarawo ne zai karanta mana takardar shari'arsa?" Na miƙa hoton kan, ta ɗaga shi a rana ta ce ita gajimare kawai take gani. Babana bai ko miƙa hannu ba. Ya tashi ya sa takalmi ya tafi masallaci.

Mahaifiyata mace ce mai sanyi, ban taɓa jin ta ɗaga wa Babana murya ba. Ranar ma ba ta ɗaga ba. Da safe yana zaune a ƙofar ɗaki yana wasa wuƙaƙensa, ta durƙusa a gefensa, ina daga ciki ina ji.

"Malam."

Wuƙa na ta kai da komo a kan dutse.

"Malam, rago ma ba ka saye sai ka buɗe bakinsa ka duba haƙori, ka taɓa ƙirjinsa da hannunka. Ko dillali ya rantse maka ba ka yarda sai ka gani. 'Yarka ce za ka yanke wa hukunci da idon wani?"

Ƙarar dutsen ta tsaya. Can kuma ta ci gaba. Ya naɗe wuƙaƙensa ya fita. Amma ranar da likita ta ce mu dawo, muna fitowa muka same shi a bakin titi, sanye da rigarsa ta Juma'a. A cikin bas ya zauna can gaba, mu muna baya, kamar ba tare muke ba.

A ofishin likita ta fara bayani da Faransanci ina mayarwa da Hausa. Ku yi tunanin wannan: ina gaban mahaifina, bakina ne ke faɗin nono, bakina ne ke faɗin jini. Kalmomin Hausar suna guduwa, domin ni haihuwar Abidjan ce, abubuwa da yawa da Faransanci na san sunansu. Babana yana kallon likita, bai ko waiwaye ni ba. Can ya ce, "Ki ce mata ban zo jin bakinki ba."

Ban san yadda zan fassara wannan ba, amma ba ta buƙaci fassara ba. Ta dube shi, ta dube ni, sai ta juya harshe zuwa Julanci irin na kasuwa, wanda shi ma da shi yake ciniki kullum. Ta ce, "Papa, wace sana'a kake yi?"

Ya ce, "Mahauci ne ni."

Ta ce, "To mu biyu ba ma tsoron jini. Taso."

Ta bi da mu wani dogon baranda, muka sauka bene zuwa wani ɗaki mai warin magani mai hawa kai, inda ɗalibai ke koyon duba nama a madubin likita, mikroskop. Babu kowa a lokacin. Ta buɗe wani akwatin katako cike da 'yan gilasai a jere, ta zaro ɗaya. A tsakiyarsa akwai wani ɗan tabo ja-ja, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ta ce wannan shi ne abin da take magana a kai, an ciro shi daga kai, an daskarar da shi a cikin kakin kyandir, an yanka shi siriri fiye da bawon albasa, an rina shi don a gani. Sannan ta ce, "Papa, zan faɗa maka tun kafin ka duba, kada ka ji daga baya ka ce na yaudare ka. Na alade ne."

Babana ya ja da baya har ya bugi kujera. "A'uzubillahi!"

Na ce shi ke nan, an ƙarasa ni. Mutumin da tun da ya fara riƙe wuƙa bai taɓa bari naman nan ya matso kusa da teburinsa ba, wanda idan motar masu shi ta wuce sai ya kau da kai.

Ya ce, "Duk dabbobin Allah, ba ku samu na dubawa ba sai wannan?"

Ta ce, "Kan rago ai ku kuke cinyewa, ba ku bar mana ko ɗaya. Na mutum kuwa ba kullum ake samu ba, kuma ba abin wasa ba ne. Na alade ya yi kama da namu ƙwarai, da shi nake koyar da yara. Yana rufe tsakanin gilashi biyu, hannunka ba zai taɓa shi ba. In ba ka so, ba dole."

Ta ɗora gilashin a ƙarƙashin madubin, ta kunna fitila, ta gyara, ta koma gefe ta naɗe hannu. Ina jin mahaifiyata tana salati ƙasa-ƙasa. Babana ya tsaya yana kallon na'urar nan kamar wanda aka ce ya tsallaka wuta. Ban san tsawon lokacin ba, a wajena kamar yini guda. Sai na ga ya mai da hannuwansa biyu baya ya riƙe, ya ce, shi da kansa yake yi, "Kallo ai ba ci ba ne." Ya matsa ya sunkuya.

Hularsa ta tokari madubin. Ya cire ta ya miƙa wa mahaifiyata. Ban taɓa ganin Babana kai babu hula a wajen gida ba sai ranar. Da farko ya ce shi duhu kawai yake gani, ta ce ya buɗe ido biyu, ya ɗan ɗago. Sai na ji ya ce, "Ikon Allah."

Daga baya ni ma na duba, kuma har yau idan na rufe ido ina ganin abin. Kamar atamfa ce mai ƙananan zane. 'Yan ƙwayoyi birjik, kowace da ɗigon baƙi a tsakiya, sun jeru igiya-igiya, wasu sun taru gungu-gungu kamar tsakiya a zare. Wasu ruwan lemo, wasu shuɗi-shuɗi, wasu kuma fari fat kamar rini bai kama su ba. A tsakaninsu 'yan hanyoyi sirara sun ratsa ko'ina, kamar lungunan unguwarmu. Da ta tura gilashin gefe, sai aka shiga wani ɓangare daban, fari-fari, zare-zare kamar audugar da aka shaƙe.

Tana tsaye a kafaɗarsa tana faɗa masa da Julancinta. Ta ce lungunan nan hanyoyin jini ne. Abin nan ba shi da bututu kamar matsarmama, kai tsaye yake zuba saƙonsa a jini, jini ya kai wa sauran jiki. A cikin shuɗayen akwai masu aika wa mace saƙon al'ada kowane wata. A cikin masu ruwan lemo akwai masu sa yaro girma, akwai kuma masu kiran nono. Ta ce, "A kan 'yarka, masu kiran nonon ne suka yi yawa, suka taru wuri ɗaya. Suna ta kira babu jariri, hayaniyarsu ta hana a ji muryar sauran. Shi ke nan ciwonta."

Babana bai ɗago ba. Ya ce, "Wannan ɗin, ta haihu ne aka yanka ta?"

Likitar ta duba ɗan rubutun da ke gefen gilashin, ta ce, "Namiji ne, Papa. Ƙarami ma."

Ya ɗago ya dube ta.

Ta ce, "Kai ma kana da su. Akwai mazan da ake kawo mana, magidanta masu gemu, nono na ɗiga a ƙirjinsu. Su wa ya yi musu ciki?"

Na ga hannunsa ɗaya ya saki ɗayan, ya tafi ƙirjinsa, ya dawo. Ya sake sunkuyawa ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaye ta a wane wuri abin yake a cikin kai. Ta ɗauko ƙoƙon kai na roba a kan kanta, ta buɗe, ta sa yatsa a wani ɗan rami a ƙashin ƙasa, daidai bayan idanu. Babana ya leƙa ya ce, "Na san ramin nan."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya karɓi hularsa, ya yi mata godiya, muka fito. A bas ya sake zama a gaba. Na dawo gida ban san matsayina ba.

Washegari da la'asar ya dawo daga kasuwa da kan rago a leda. Maimakon ya miƙa wa mahaifiyata kamar yadda ya saba, sai ya ɗauko katako ya zauna a tsakar gida, kusa da famfo, lokacin mata duk suna waje suna girki. Ya fasa kan a hankali, ba irin saran kasuwa ba. Ya ɗaga ƙwaƙwalwar da hannu biyu ya ajiye a kwano. Ya sa bakin ƙaramar wuƙa a ɗan ramin nan, ya yanke fatar da ta rufe shi, ya ɗago wani ɗan tsoka.

"Ke. Zo."

Sai da mahaifiyata ta taɓa ni na gane da ni yake. Na zo na durƙusa.

"Shi ne wannan?"

"Shi ne, Baba."

Ya juya shi a bakin wuƙa yana kallo. Ya ce, "Kullum ƙwaƙwalwa ta fito sai ta bar shi a baya. Ban taɓa tambayar aikinsa ba." Sannan ya ɗaga murya, "Yaya, fito ki gani."

Goggo ta fito tana gyara ɗaurin zane, ta leƙa ta ce, "To me zan yi da wannan? Na ji labari ai. Alade ne malaminka yanzu?"

Har mai daka ta tsayar da taɓarya. Babana ya ce, "Yaya, ke kika goya ni, ban taɓa mayar miki da magana ba, yau ma ba mayarwa nake ba. Yarinyar nan ba ta da lafiya. Na gani da idona. Babu inda za ta, gobe za ta koma lakwal. Wanda kuma yake da sauran magana a kanta, ga ni, ya zo ya same ni." Da Goggo yake magana, amma kowace ƙofa ta kur ɗin ya bi da kallo.

Goggo ta ce, "Allah shi ne masani," ta koma ɗaki. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara a kan haka ba, ba ta kuma rage ba. Na yafe mata, Allah ya jiƙanta. Wasu a kur ɗin sun yarda, wasu sun yi shiru ne kawai, kuma na san bambancin shirun.

Aka ɗora ni a kan ƙwayoyi. Sun wahalar da ni da farko, jiri da tashin zuciya, amma nonon ya ƙafe, ciwon kai ya ragu, daga baya al'ada ta dawo. Shekarar karatun ta riga ta lalace, sai da na maimaita aji. Har yanzu ina zuwa Treichville lokaci-lokaci a duba jinina, kuma likitoci sun ce ƙarin ya lafa.

Mutane idan na ba su labarin a taƙaice sai su ce kai, Allah ya yi miki gyaɗar dogo. Haka ne, na gode masa. Amma akwai abin da ya zauna mini a ƙirji bai tafi ba. Na rantse da Alƙur'ani ba a yarda ba. Na yi kuka har muryata ta dushe ba a yarda ba. Sai da aka kawo ɗan yankin naman dabbar da ko sunanta ba ma so a faɗa a kan abinci, shi ya tsaya mini. Har yau idan wani ya ce mini "ki faɗi gaskiya", ko da wasa ne, sai in tuna ɗakin Goggo. Kuma ina tuna 'yan matan da ba su da uwar da za ta ɗauki kwando ta yi ƙaryar zuwa kasuwa, waɗanda aka sa a mota aka kai su inda babu mai dubawa. Iyaye mata, idan kun ga irin wannan a jikin 'yarku, ku kai ta asibiti kafin ku kira taro.

Tun daga wancan lokacin Babana ne ke raka ni asibiti, ko da kasuwa na ci, sai ya bar wa abokin sana'arsa tebur. Bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba, ni ma ban sa rai ba, ba haka aka yi iyayenmu maza ba. Amma bara, muna zaune a kan bencin jira, layi ya yi tsawo, sai na ji bakina ya yi tambayar da na daɗe ina haɗiyewa.

"Baba, da a ce babu gilashin nan fa?"

Bai waiwayo ba. Yana jan carbi, idonsa a kan ƙofar likita. Har na yi nadamar tambayar, na ɗauka ya yi fushi. Sai carbin ya tsaya.

Ya ce, "Da na sa ki a mota. Da kuma har yau ina nan ina ganin na yi daidai."

Aka kira sunana. Na tashi na shiga, na bar shi a kan bencin, kansa a sunkuye.